Sanin Abin Da Ke Cikin Bango Da Ƙarƙashin Ƙasa: Jawabin Sakatare

  

Wakafi yakan daɗe fiye da wanda ya bayar da shi da wanda aka damƙa wa. Rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa Musulmi a Madina, har yau ana amfana da wakafinta. Mu kuwa, bara bututun ruwan alwala ya fashe a wani masallacinmu, mai gyaran famfon da ya shimfiɗa shi ya bar gari, muka yi ta tonon haraba bisa kintace, masallata suna ɗauko ruwa daga gida.

A Bagega tono da kintace ganganci ne. Gubar dalma da aka gano a 2010 ta hallaka yara kimanin 400 a Zamfara. A 2013 aka kankare gurɓatacciyar ƙasa daga gidajen garin nan, aka binne ta a ramuka, aka zuba mai tsabta. Duk mai haƙa rijiya ko jan bututu wajibi ne ya san inda waɗannan ramuka suke.

Don haka muka ƙudurta auna kowane ginin wakafi, mu zana siffarsa a kwamfuta: hanyar waya da bututu, mazaunin tanki, injin burtsatse, farantan sola da batura, kowanne da girmansa da ranar da aka sa shi. Gwamnatin Ingila ta wajabta irin wannan siffa a kwangilolin gine-ginenta tun 2016. Namu zai fi sauƙi, kuma kowane kwamiti zai sami kwafi a takarda, domin wuta da intanet ba su da tabbas.

Ba za a taɓa zakka ba, domin Suratut Tauba ta ƙayyade masu cin ta takwas. Daga ribar wakafi da sadaka za a biya.

Roƙonmu ga kwamitoci shi ne ku tattaro tsofaffin rasitai, ku haɗa mu da magina da masu aikin wuta tun suna raye, kuma kada a binne sabon bututu sai an ɗauki hotonsa.

Allah Ya karɓi sadakar masu bayarwa, Ya jiƙan yaran da muka rasa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.