Amfilifayar Mai Fiyano

Yau da 'yan fiyano masu zagayen biki da majalisi nake. Da yawa sukan zuba kuɗi su sayi Yamaha ko Korg mai tsada, sannan su jona ta da amfilifayar jita. Abin yana damuna ƙwarai. Ta jita an ƙera ta ne don sautin tsakiya, fiyano kuwa tana fitar da dukan ganga mai nauyi da siririyar muryar sarewa a lokaci guda. Sai sifika ta riƙa kakkarwa, waƙa ta dagule, wata rana ma sifikar ta yage ana tsakiyar rawa.

A nemi amfilifayar da aka yi musamman don fiyano. Roland KC-220 mai wat 30 tana aiki da batir AA guda 8, ta wadatar a ƙaramin kamu. Buɗaɗɗen fili kuwa sai irin KC-400 mai wat 150 da sifika inci 12, amma tana da nauyi, a tanadi mai taya ɗauka.

Kafin a biya kuɗi a kasuwar Sabon Gari, a duba bayan amfilifayar a ga irin wutar da take sha. Gwanjon Amurka galibi na wuta 120 ne, tamu 230 ce. In da janareta za a yi aiki, a sa sitabilaiza tsakani.