Ƙara wa Injin Dizal Ƙarfi: Abin da Baƙin Hayaƙi Yake Faɗa Mana



Duk wanda ya tsaya bakin titin nan na Dogon Daji ya ga manyan motoci suna wucewa, wasu da siminti daga Kalambaina, wasu da shanu za su Legas ta Jega da Kwantagora. Ya kuma ga wadda direba yana taka totur sai salansa ta turnuƙe hanya. Yaran mota kan ce, “Wannan tana da wuta.” Ni kuwa na zo in ce muku wannan hayaƙin gas ne da aka saya da kuɗi, bai ƙone ba, ya bi iska.

Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi irin na fetur. Fistin ne yake matse iska har ta yi zafi, nozul ya fesa mai, ya kama da kansa. Tun 1927 kamfanin Bosch na Jamus yake ƙera famfon da ke auna man da kowace silinda za ta samu, kuma irinsa ne a tsofaffin motocinmu. A jikinsa akwai wani ɗan sukuru da aka ɗaure da waya da dalma, don kada a taɓa. Idan mai mota ya kawo kukan ba ta ja da lodi, sai wani bakanike ya tsinke wayar, ya murɗa sukurun, ya kasa kunne, ya ce ta yi.

A Amurka ma ana wannan aiki, amma da kwamfuta. Sababbin injuna ƙwaƙwalwar lantarki ce ke sarrafa su, don haka ake sake rubuta mata umarni: yawan mai, lokacin fesawa, ƙarfin iskar tobo. Har maɓalli suke sawa kusa da sitiyari, galibi mai matsayi biyar, direba ya murɗa zuwa na jan kaya, ko na tattalin mai, ko na tsere. Sai dai hukuma a can ta taɓa nuna ba ta wasa da hayaƙi. A Disambar 2023 kamfanin Cummins ya amince da biyan tarar dala biliyan 1.675 kan na'urorin da ke kauce wa dokar hayaƙi.

Ban ce gyaran haramun ba ne. Injin yana iya ba da fiye da abin da aka saita masa. Abin tambaya shi ne iska. Mai ba ya ƙonewa sai da iska daidai gwargwado, mu kuwa a Afrilu zafinmu yakan wuce digiri 40, kuma iska mai zafi ba ta da kauri. Ga ƙurar hunturu tana toshe matatar iska. Ka ƙara mai a wannan hali, zafin cikin silinda ya haura, alhali fistin da yawa na alminiyom ne, wanda ke narkewa a digiri 660. Motar za ta ja yau, ta ja gobe, sai wata rana gaskit ya ƙone ko tobo ya watse tsakanin Tambuwal da Jega, shanu na ciki, rana na dukansu. Kuloci da birki kuma ba a ƙara musu komai ba, da ƙarfin da aka ƙera su suke. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin titin nan ta cikin garuruwa ya ratsa, 'ya'yanmu na tsallaka shi.

Sannan ga kuɗi. Tun 2022 farashin gas ya ninka, mai motar da ke zuwa kudu ya fi kowa sanin abin da tanki yake ci.

'Yan'uwana kanikawa, idan mota ta rasa ƙarfi, a fara da matatar iska da ta mai, a duba bututun tobo ko yana yoyo, a gwada nozul. In famfo ne, a kai shi wurin masu injin gwaji a Sakkwato, a saita kowace silinda daidai, a mayar da dalmar. Mai motar da ya nace sai an ƙara mata, ya sayi agogon auna zafin salansa a maƙala gaban direba. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi da masu motoci, NURTW da NARTO, da ke nan, ku ne kuke iya hana lodin da ya wuce kima a tasha, kuma yawanci daga can ake fara neman a murɗa sukurun.