KWASA-KWASAN ZAƁI A MANYAN MAKARANTU: WA KE ZAƁA MAKA?

Wannan jawabi ne da ɗaya daga cikin 'yan uwa matasa ya gabatar a zaman da aka shirya wa ɗaliban da suka samu gurbin karatu a jami'o'i da kwalejoji. Mun rubuto muku shi kamar yadda ya fito daga bakinsa, in ban da 'yan gyare-gyare. A sha karatu lafiya.

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Iyayena da malamaina da ke zaune a gaba, yayyena, da ku ƙannena maza da mata da aka yi zaman nan dominku, ina yi muku barka da zuwa. Bari in faɗi gaskiya tun kafin wani ya riga ni: ni ban yi jami'a ba, iyakata sakandare da Islamiyya. To sai wani ya ce, me ya kawo wanda bai taɓa zama a ɗakin lakca ba yana yi wa masu shiga bayani? Abin da ya kawo ni shi ne, shekara huɗu ke nan ina aiki a wani shagon kwamfuta da ke bakin ƙofar wata babbar makaranta, kuma babban aikinmu a farkon kowane zango shi ne yi wa ɗalibai rijistar kwasa-kwasai. Ni ke danna maɓallin, ɗalibi na tsaye a kaina yana faɗa mini abin da zan sa. A nan na ga abin da ya dame ni har na je na bincika.

In ka buɗe fom ɗin rijista, kwasa-kwasai iri uku za ka tarar. Akwai na sashenka, waɗanda ba makawa sai ka yi. Akwai na gama-gari da ake kira GST, irin su Turanci da sanin al'ummomin Nijeriya da al'adunsu da koyon kafa sana'a, su ma dole ne a kan kowa. Sannan akwai na uku, waɗanda ɗalibai ke kira ilektif, wato kwas na zaɓi, inda za a jero maka uku ko biyar a ce ɗauki ɗaya ko biyu. Wani daga sashen zane ko wasan kwaikwayo, wani daga tarihi ko harsuna, wani daga kwamfuta, wani daga akanta da kasuwanci. A duk shekarun da za ku yi a makaranta, nan ne kaɗai za a tambaye ku abin da kuke so.

To amma me nake gani? Da zarar na ce, "Wanne zan sa maka?" sai ɗalibi ya juya ya tambayi na bayansa, na bayansa kuma ya kira wani ɗan aji uku a waya. Tambayar kuma ɗaya ce kullum: wanne ne malaminsa ba ya kayarwa? Wallahi na sha yi wa mutum ashirin a jere rijistar kwas guda, in na tambayi ɗaya daga ciki me ake koyarwa a kwas ɗin, sai ya yi dariya ya ce oho, an dai ce akwai maki. Ka ga an ba shi zaɓi, shi kuma ya miƙa wa wanda ko sunansa bai sani ba.

Wannan tsari yana da asali, kuma ya kamata ku san shi. A da, a kwalejojin Amurka kowa abu ɗaya yake karantawa: Latin, Girkanci, lissafi da ɗan falsafa, ko kana so ko ba ka so. A 1869 aka naɗa wani malamin kimiyyar sinadarai mai suna Charles Eliot shugaban Jami'ar Harvard, yana da shekara 35, ya kuma riƙe muƙamin har 1909. Shi ne ya dinga sassauta kwasa-kwasan dole ɗaya bayan ɗaya, har ta kai kusan komai ɗalibi ke zaɓa wa kansa. Hujjarsa ita ce, wanda ya zaɓi abu da kansa ya fi riƙe shi da muhimmanci. To ku ji abin da ya biyo baya. Aka fara kukan cewa ɗalibai da yawa suna tururuwa zuwa kwasa-kwasai masu sauƙi, suna tsintar wannan da wancan ba tare da sun ƙware a komai ba. Saboda haka da magajinsa Lawrence Lowell ya hau a 1909, sai ya kawo gyara: ka zurfafa a fanni ɗaya, sannan ka ɗanɗana daga sauran fannoni. Ashe ciwon da nake gani a shagonmu ya haura shekara ɗari.

Yaya aka yi abin ya iso nan? Jami'ar farko a Nijeriya, ta Ibadan, an buɗe ta a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan, bisa salon Ingila, inda mutum ke kama fanni ɗaya ya bi shi har ƙarshe. Jami'ar Nsukka da aka buɗe a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan ita ta shigo da salon Amurka, har da darussan gama-gari. Daga baya hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fitar da mafi ƙarancin abin da za a koyar a kowane fanni a 1989, tsarin lissafa kwas da yunit kuma ya game ko'ina. A Disamban 2022 hukumar ta ƙaddamar da sabon manhaja mai suna CCMAS, inda ita ta tsara kashi 70 cikin 100, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da ita. Shi ya sa jerin zaɓin da yayanka ya gani a zamaninsa ba lallai ya zama shi za ka tarar ba.

Ni kuma da na karanta wannan tarihi sai na tuna da zaure. Wanda ya yi karatun zaure ya san cewa bayan ka wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya, kai za ka ɗauki littafinka ka tafi wurin malamin da ya shahara da shi, wannan don nahawu, wancan don fiƙihu. Ban taɓa jin almajirin kirki ya ce a nuna masa malamin da ba ya gyara wa mutum kuskure ba.

Yanzu mu zo kan tsoron da ke sa ku gudu, wato tsoron faɗuwar CGPA. Mu yi lissafi tare. A tsarin maki biyar, A biyar ce, B huɗu, C uku. Ka ɗauki kwas mai yunit biyu. In ka ci A ka samu 10, in ka ci C ka samu 6, bambanci 4 ke nan. Digirin shekara huɗu ba ya kasa yunit 120. Raba 4 gida 120, abin da zai ba ka wajen 0.03 ne kacal. A zangon farko, lokacin da yunit ɗinka 20 ne kacal, zai yi kama da babban abu don zai kai 0.2, amma yana narkewa yayin da shekaru ke tafiya. Ba na musun cewa wanda ya ƙare a 3.48 alhali yana neman 3.50 zai ji zafin wannan ɗan bambanci. Amma ku auna: wata huɗu za ku yi kuna zama a ajin da ba ku damu da shi ba, don kare abin da bai kai ɗigo ba. Abin gudu na gaske shi ne F, kuma mafi yawan F ɗin da na gani a kwas na zaɓi, daga waɗanda suka raina shi ne suka daina zuwa aji, tunda an ce musu mai sauƙi ne.

To me za ka zaɓa? Shawarata ita ce ka dubi ramin da karatunka zai bari, ka cike shi. Akwai wani yayanmu da ya karanta kimiyyar sinadarai, ya gama, ya fara haɗa sabulun ruwa, kaya kuma suna fita. Wata takwas ya rufe. Ba a sace masa ko sisi ba. Bai san bambancin kuɗin da ya shigo aljihu da riba ba, yana cin uwar kuɗi yana zaton ribar yake ci, bashin da ya bayar kuma yana cikin kansa, ba a rubuce ba. Shi da bakinsa ya ce mini an jero masa gabatarwar akanta a aji biyu, ya tsallake don an ce akwai lissafi. Ɗan kimiyya fa, yana gudun tarawa da ɗebewa!

Ku masu karanta tarihi, Hausa, Larabci, shari'a da makamantansu, in kun ga kwas na kwamfuta kada ku kauce. Ni ne shaida, ɗan aji huɗu zai zo da aikin kammala karatunsa, bai iya jera shafuka ba, bai iya buɗe Excel ya tara alƙaluma goma ba, yana biyan irina kuɗi a kan abin da zai koya a mako biyu. Ina karya wa kaina kasuwa da wannan magana, amma ba komai. Kada kuma wani ya ce muku kwamfuta ta 'yan kimiyya ce kawai. Kalmar algoridim da masu kwamfuta ke taƙama da ita daga sunan Alkhawarizmi ta fito, malamin da ya rayu a Bagadaza, wanda ya rubuta littafin aljabara wajen shekarar 820, kuma babban ɓangaren littafin a kan lissafin gado da wasiyya yake. Wanda ya iya raba gado da awlu da raddi ba zai tsorata da Python ba.

Ku kuma 'yan kwamfuta da injiniya, naku ramin a ɗaya ɓangaren yake. Tun 2013 Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa, kuma duk wanda ya gwada ya ga inda yake tuntuɓe. Wa zai gyara? Sai wanda ya haɗa biyu, ya san na'ura ya kuma san dalilin da ya sa baki da baƙi da bāƙi ba abu ɗaya ba ne. Kwas guda na nahawun Hausa zai buɗe maka wannan ƙofa. Haka ɗan tarihi da ya ƙara da Larabci, in ya je Arewa House a Kaduna zai karanta takardun da abokansa sai dai su ɗauki hoto. Ɗan kasuwanci da ya ƙara da Faransanci kuwa, ba sai na faɗa muku amfaninsa a Maraɗi ko Kwatano ko Garwa ba.

Fannin zane shi aka fi rainawa, don haka ga misali ɗaya. Steve Jobs, wanda ya kafa Apple da abokinsa, ya shiga Kwalejin Reed a 1972, ya bar karatu bayan wata shida, amma ya ci gaba da zama a ajin ƙawata rubutun hannu don yana burge shi kawai. A jawabinsa na Jami'ar Stanford a 2005 ya danganta kyawun haruffan kwamfutar Macintosh ta 1984 da wannan aji. Ba cewa na yi ku bar makaranta ba, iyaye na jina.

Saura abubuwan kiyayewa, kuma a nan aka fi kuka a shagonmu. Ku nemi littafin dokokin sashenku ku karanta, don makarantu sun sha bamban a kan hukuncin wanda ya faɗi kwas na zaɓi. Galibi ba a yarda a haura yunit 24 a zango ɗaya, kada ka cika fom ya ƙi karɓar kwas na dole. Ka duba jadawalin lakca kafin ka zaɓa, domin kwas na wani sashe kan ci karo da naka, kuma ba za a ɗaga maka jarrabawa ba. Wasu kwasa-kwasan sai ka ci na ƙasa da su kafin a yarda ka shiga. Akwai malamin da aka ɗora wa kula da ajinku, shi zai sa hannu a fom ɗinku. Ku same shi kafin ku zo wurinmu, ba bayan mun buga ba. Sannan ana ba da 'yan kwanaki na cirewa da ƙarawa bayan an fara karatu. Ku shiga ajin sau biyu ko uku ku ji da kunnenku, in bai yi ba ku canza kafin a rufe.

'Yan uwa mata, ku ma da ku nake. Na lura sau da yawa ɗaya ce ke kawo fom ɗin mutum shida, ta ce a sa musu iri ɗaya don su riƙa tafiya aji tare. Tafiya tare abu ne mai kyau, amma ke ma ki zo ki ga jerin da idonki.

An nuna mini agogo. Wanda ya zo da fom ɗinsa ko jerin kwasa-kwasan sashensa ya same ni a bakin ƙofa bayan an tashi, mu duba tare, yau ba kuɗi.