Kuɗin Aikin Gari: Daga Ina Su Ke Fitowa?

Ina so mu yi magana yau a kan kuɗin da a ke gyara gari da su, watau kuɗin hanya da famfo da kasuwa da magudanar ruwa. Ko wannenku ya taɓa ganin an kawo motocin aiki unguwarsu, an haƙa rami, an zuba tsakuwa, sa'an nan wata rana aka wayi gari ba ma'aikata ba motoci. Mutane su kan ce, "Gwamnati ta fasa." To, wace gwamnati ce, kuma kuɗin wa ta fara aikin da su? Ku da Allah ya buɗe muku ido ku ka iya karatu, ya kamata ku san amsar wannan.

Bari mu ɗauki Kano misali, gama labarinta sananne ne. A zamanin Turawa akwai abin da a ke kira Baitulmali, watau taskar En'e. A Katsina a ka fara shi, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, kana ya bazu sauran ƙasashen sarakuna. In an tara haraji da jangali, da farko rabi a kan kai wa Gwamnati, rabi ya zauna a Baitulmali. Daga nan a ke biyan Sarki da hakimai da alƙalai albashi, abin da ya ragu a yi aiki da shi, ko a ajiye. Kano ƙasa ce mai yawan mutane, ga gyaɗa kuma ta sami kasuwa tun da jirgin ƙasa ya iso a 1911, saboda haka taskarta ta fi ta kowa nauyi a Arewa. Da kuɗin nan a ka gina asibitin birni, wanda yanzu a ke kira Asibitin Murtala. Da su kuma, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wajen 1931, a ka jawo ruwa daga kogin Challawa, a ka tura shi tanki bisa Goron Dutse, ya gangaro cikin gari ta famfo, a ka kuma kawo lantarki.

Kada ku zaci ina yabon zamanin nan ne. Haraji ya yi wa talaka nauyi ƙwarai, an ɗaure mutane saboda shi, waɗansu sun bar garuruwansu da dare. Manomin da ke can ƙauye ya biya, amma famfon a birni a ka kafa shi, shi kuwa yana nan yana shan ruwan kududdufi. Ba kuma wanda ya tambaye shi abin da ya ke so a yi. Sai dai abu guda ya sani sarai: kuɗin nan daga aljihunsa su ka fita, gama yana da takardar shaida a hannu.

Yanzu al'amari ya juya. A 1976 a ka kawar da tsarin En'e, a ka kafa ƙananan hukumomi. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, talakawa su ka yi murna, kuma sun yi gaskiya. Ƙananan hukumomi a Nijeriya 774 ne, Kano tana da 44. Mafi yawan kuɗinsu ba daga mutanen gunduma su ke fitowa ba, daga Abuja ne. Akwai wata babbar taska, Asusun Tarayya, inda kuɗin man fetur da na kwastan da harajin kamfanoni ke taruwa. Ko wane wata a kan zauna a raba. Cikin ko wace naira 100 da a ka raba, naira 20 da kwabo 60 rabon ƙananan hukumomi ne. Da ya ke mutum bai ga an karɓi kome a hannunsa ba, sai ya ɗauka kyauta ce a ke yi masa, in an ba shi ya gode, in an hana shi ya yi haƙuri. Wannan kuskure ne babba. Kuɗin jama'a ne, kamar dai na Baitulmali, hanyar zuwansu ce kawai ta yi nisa.

Hanya kuwa in ta yi nisa, guzuri ya kan ragu. Tsarin mulki na 1999 ya ce rabon ƙananan hukumomi ya fara sauka a wani asusu na haɗin gwiwa da ke hannun jiha. Nan fa a ka daɗe ana kuka, gama gwamna ya kan yanka wa gunduma aikin da ya ga dama, ya cire kuɗin tun ba su isa ba. Mutanen Kano sun tuna da titi mai tsawon kilomita biyar da a ka ce za a yi wa ko wace ƙaramar hukuma, tsakanin 2011 da 2015. Niyya ce mai kyau, waɗansu an gama su, amma da yawa sun yi shekaru a buɗe, ƙura da rani, taɓo da damina. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne za su riƙe su, ba kantomomin da gwamna ya naɗa ba. Bayan hukuncin an sha jayayya kan yadda za a zartar da shi. Ni dai a ganina, ko kuɗin sun iso cif, in ba mai dubawa, ciyaman ma ɗan Adam ne.

Ku san kuma abin da ke wuyan ƙaramar hukuma bisa doka: kasuwa, tashar mota, mahauta, maƙabarta, kwashe shara, lambatu da ƙananan hanyoyi, da hannu cikin makarantar firamare da ɗakin shan magani. In lambatun unguwarku ya toshe, ba Abuja za ku kai ƙara ba.

Akwai maganar rushe gida, wadda ta fi kome zafi. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen jiha a hannun gwamna amana, yana da ikon karɓar fili saboda amfanin jama'a. In hanya ta bi ta kan gidanka, diyyar gini da itatuwa da amfanin gona za a ba ka, ba kuɗin ƙasar kanta ba. Saboda haka ranar da masu awo su ka zo, ka tsaya da kanka, ka ga an rubuta ɗakunanka duka da rijiya da katanga, kada ka sa hannu sai ka karanta.

In an fara aiki, a kan kafa allo a bakin hanya. Ku tsaya ku karanta shi: sunan aikin, hukumar da ta bayar, da ɗan kwangilar da ya karɓa. Ku rubuta a littafi tare da ranar da ku ka gani. In aiki ya tsaya, ku tafi wurin mai unguwa da kansila, ku uku ko huɗu, da ladabi, ku tambayi nawa a ka ware, nawa a ka biya. In ba su gamsar da ku ba, akwai dokar 2011 da ta ba ko wane ɗan ƙasa ikon neman bayani a rubuce daga ofishin gwamnati, a amsa masa cikin kwana 7. Ku rubuta takardar biyu, ku ba da ɗaya, a buga muku hatimi a ɗayar ku riƙe.