Laccar Gangara: In Za A Yi Bincike, A Kira Mai Rumfa

Iyayenmu da 'yan'uwanmu talakawa, 'yan kasuwa maza da mata na Gangara da Magama da Jibiya, mun gode da kuka bar rumfunanku kuka zo. Maganarmu ta yau a kan takardar izinin gini ce, da irin binciken da gwamnati kan yi a kanta.

Bari mu fara da Kano, gama in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A watan Yuni 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe shagunan Filin Idi, ta ce ba a ba da filin bisa ƙa'ida ba. Masu shaguna suka kai ƙara, suka ce da izinin hukuma suka gina. A watan Satumba Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya su naira biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3. Sai a watan Afrilu 2024 aka naɗa hukumar bincike don ta duba yadda aka yi da dukiyar jama'a daga 2015 zuwa 2023. Ku lura, jama'a: rusau ya riga bincike da wata goma!

To, me ya haɗa mu da wannan? Hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, wadda aka aza harsashinta a 2021, ta Jibiya aka shata ta. Duk inda dogo ya ratsa, ƙasa takan yi tsada, mai rumfa marar takarda kuwa shi akan fara kora. Ga shi an rufe mana iyaka a 2019, ba a buɗe ba sai 2022, aka sake rufewa daga 2023 zuwa 2024. Jari ya karye. Wanda aka rushe wa shago yau, da me zai tashi?

Ga abin da doka ta ce. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filin birni a hannun gwamna, na karkara a hannun ƙaramar hukuma. Dokar tsara birane ta 1992 ta ce kada a riƙe takardar mai neman izini fiye da wata uku, in an ƙi shi kuma a rubuta masa dalili. A 2003 Kotun Ƙoli ta ce tsara gari aikin jiha ne. Ashe mun san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

Amma yaya abin yake a aikace? Da hannunmu muka rubuta wa wani ɗan'uwa takardar neman izinin ɗakin injin niƙa. Ya kai wani ofis. Yau a ce babba ba ya nan, gobe a ce fayil ya ɓata. Damina ta zo ta wuce, kuɗin mota ya cinye ribarsa, ba a ce i ba, ba a ce a'a ba. Wane mai bincike ya taɓa kiransa?

Saboda haka abu uku muke nema. Na ɗaya, gwamnati ta binciki yadda ake yi da takardun ƙananan 'yan kasuwa tun kafin katafila ta fito. Na biyu, masu binciken su zo kasuwar Jibiya ran Lahadi su ji daga bakinmu, da Hausa. Na uku, a karanta rahoton a rediyo, kowa ya ji.

Ku kuma 'yan'uwa, kada ku ba kowa ko kobo ba rasit. Ku rubuta ranar da kuka kai takarda. Wanda bai iya rubutu ba ya zo mu rubuta masa kyauta, mu tara su wuri guda, ran da masu bincike suka zo mu ajiye a gabansu.

Allah ya ba mu sa'a. Wasalam.