Tuwonmu a tukunyar Gana, goronsu a bikinmu

 

Zancenmu na yau ya shafi masu zuwa biɗa. Da wuya ka sami gari a Tawa, ko Maraɗi, ko Damagaram, wanda ba shi da ɗa a ƙasashen kurmi. Wani ya yi rani guda ya komo, wani ya shekara goma. Da yawa in sun komo sai su ce: "Can kome nasu dabam ne." To, yau za mu duba ko haka ne. Mu ɗauki ƙasar Gana, mu leƙa tukunyarsu, mu dubi zanensu.

Abinci

Ɗan'uwa, in ka kwana a Kumasi, da safe ka kasa kunne. Za ka ji ana tallar "koko" da "kose". Kokon gero ne da ƙosai. Har suna ce masa "Hausa koko". In rana ta yi, ga wani abinci da suke kira "wace". Shinkafa da wake ce, sunan ma daga kalmarmu ta "wake" ya fito. Za ka ga ta yi ja, domin suna jefa karan dafi cikin tukunya, shi dai wanda dukawanmu ke rina fata da shi. Da dare kuma ga "tuo zafi", wato tuwon zafi, da miyar lalo, wadda su ke ce wa "ayoyo".

Ina suka sami waɗannan sunaye? Goro ne ya kai su.

Kun san goro ba ya fita a ƙasarmu. Itacensa yana son ruwa da inuwar kurmi. Saboda haka tun zamanin kakanni fatake ke ɗaura wa jakai kanwa, da fata, da tufafi, su yi wata da watanni a hanya har kasuwar Salaga, a ƙasar Gwanja. Can su sayo goron da Ashanti ke kawowa, mutanen da muke kira Tonawa. Inda ayari ya sauka ana ce masa zango. Wasu fatake suka zauna, suka yi aure, matansu suka ɗora tukunya. Shi ya sa har yau unguwar baƙi Musulmi a garuruwan Gana sunanta "zongo". A birnin Akra ma akwai unguwar da ake kira Sabon Zongo.

Wannan abu bai tsaya ga mutanen da ba. A Abijan akwai abincin da matasa ke so ƙwarai: aceke na rogo da soyayyen kifin teku da barkono. Sunansa "garba". Ana cewa ƴan Nijar masu sayar da shi ne suka ba shi wannan suna, don da yawansu Garba ake kiransu.

Alamu

Yanzu mu dubi alamu. Alama ita ce zane ko launi mai faɗin magana ba da baki ba. Ashanti suna da wasu alamu da suke kira "adinkra". Suna sassaƙa su a jikin sakaina, su tsoma cikin baƙin rini, su buga a kan zane. Garin Ntonso, kusa da Kumasi, ya yi suna a wannan sana'a. Kowace alama da sunanta da ma'anarta.

Ɗaya daga ciki sunanta "bese saka", wato huhun goro. Ma'anarta arziki, da yalwa, da haɗin kai. Ka gani? Mu ma ba a neman aure sai da goro, ba a raɗin suna sai an raba goro. Su suka shuka, mu muka saya, dukanmu kuma muka ɗauke shi alamar alheri.

Ga wata kuma. Sarkin Ashanti yana da babbar rigar yaƙi ta gado, ana ce mata "batakari". An ɗinke ta da layu gaba da baya. Malaman arewa ne suka rubuta wa sarakunansu na da irin waɗannan layu. Haka nan, Ba'ashante ba ya miƙa maka abu da hannun hagu, kuma in ya shiga taro daga dama yake fara gaisuwa. Ai wannan tarbiyyar gidanmu ce.

A yi hattara

Amma fa kama da wane ba ta wane. Wani abu ya yi kama da namu, ma'anarsa dabam. Ran asabar a Kumasi za ka iya ganin babban taro, ana kiɗa, mutane sun sa jan zane da baƙi. Kada ka ce biki ne, ka shiga da dariya. Makoki ne. Wurinsu ja da baƙi launin mutuwa ne. Mai hankali sai ya tsaya, ya tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Mine ne amfanin sanin wannan duka? Amfani biyu ne.

Na farko, zuciyarka ta kwanta. Baƙon da ya san kakanninsa sun taka wannan ƙasa, sun bar sunan tuwonsu a bakin mutanenta, ba ya tafiya da kai a sunkuye. Ba ya kuma rena masu masaukinsa, don ya san goron bikin uwarsa daga gonarsu ya fito.

Na biyu, zaman baƙunta yana da ranar wuya. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Gana ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Dubban mutane suka fita, har da ƴan Nijar, wasu sun bar gida da rumfar kasuwa. Cin tuwo ɗaya bai hana wannan ba. Don haka ka riƙe takardunka daidai. Amma ranar da abu ya ɓaci, maƙwabcin da ka ci abincinsa, ka je makokinsa, ka gaishe shi yadda ya saba, shi ne mai tsare maka kaya.

Mu tuna kuma da baƙin da ke cikinmu. Mai sayar da aceke a Yamai, da Bayaraben kasuwar Maraɗi, su ma suna neman abin da ya yi kama da gida. Yadda muke so a yi wa ɗanmu a Kumasi, haka za mu yi musu.

Tambayoyi

Ku tattauna da malaminku:

1. Daga ina sunan "zongo" ya fito?
2. Mine ne ma'anar alamar "bese saka"?
3. A garinku wa ya taɓa zama a wata ƙasa? Ku tambaye shi abinci guda da alama guda da ya gani can masu kama da namu, ku rubuta sunayensu a littafinku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.