Matakin da ya Mutu Ba a Sani Ba: Bibiyar Kiyaye Doka a Cikin Manhaja

Jama'a masu sauraro na birnin Dutse da kewayensa, da na Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu da Buji da Gwaram, shirin na yau ya shafi duk wanda ya damƙa wa kwamfuta lissafin albashi ko na haraji ko bayanan jama'a, kamar masu asibitoci da makarantu masu zaman kansu, da ƙananan bankuna, da ƙungiyoyin gama kai, da ofisoshin gwamnati, kuma batunsa shi ne yadda ake bibiyar matakan kiyaye doka da aka dasa a cikin manhaja domin a tabbatar har yanzu suna aiki.

Matakin kiyaye doka shi ne duk wani tsari da aka saka a cikin manhaja domin ta tilasta bin wata ƙa'ida ko da ma'aikaci ya manta ko ya so kaucewa. Kalmar sirri da ke hana wanda ba shi da hurumi buɗe fayil ɗin majinyaci mataki ce, haka ma lissafin da ke cire haraji daga albashi kafin a biya, da rajistar da ke rubuta wanda ya shiga da lokacin da ya shiga, da kwafin ajiya da ake ɗauka domin ranar da na'ura ta lalace. Haɗarin da ke tattare da waɗannan matakai shi ne suna mutuwa ba tare da sun yi ƙara ba, ta yadda allon kwamfuta zai ci gaba da haske, firinta ta ci gaba da fitar da takarda, shugaban ofis kuma ya ci gaba da sa hannu, alhali kariyar da ake taƙama da ita ta daina aiki tun bara. Saboda haka tambayar da ta dace a kowane ofis ita ce yaushe aka gwada matakin na ƙarshe, kuma wane ne ya gwada shi.

Hanya ta farko da mataki ke tsufa ita ce doka ta sauya manhaja kuwa ta tsaya a inda aka bar ta. A watan Fabrairu na 2020 harajin kayan masarufi, wanda ake kira VAT, ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari, kuma duk shagon da bai gyara lissafin na'urarsa ba ya ci gaba da buga rasit bisa tsohon ƙiyasi. A watan Yuli na 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Sannan a watan Yuni na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, inda aka yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na kuɗin shigar mutum a shekara, aka kuma soke tsohon rangwamen da aka saba cirewa kafin lissafi, aka kawo rangwamen kuɗin haya a madadinsa. Makarantar da akawunta ke lissafa albashin malamai da tsohon jadawalin Excel da wani ya tsara shekaru biyar da suka wuce tana cire abin da doka ba ta ce ba, ko dai ta zalunci malamin ko ta tara wa kanta bashi a wurin hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, kuma jadawalin ba zai taɓa faɗa wa kowa cewa ya tsufa ba.

A ɓangaren bayanan jama'a sauyin ya fi sauri. Hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai a Janairun 2019, a Yunin 2023 aka kafa cikakkiyar Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya tare da hukumar NDPC da ke sa ido a kanta, a 2025 kuma NDPC ta fitar da jagorar aiwatarwa wadda ta fara aiki a watan Satumba. Dokar ta wajabta sanar da hukumar cikin awa 72 idan bayanan mutane suka fita ta hanyar da ka iya cutar da su, ta kuma tanadi tarar da ka iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara ga manyan masu riƙe da bayanai, duk wanda ya fi yawa. A Agustan 2024 hukumar ta sanar da cin bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8. Abin lura a nan shi ne ɗan Jigawa ne, Kashifu Inuwa Abdullahi na Haɗeja, aka naɗa shugaban NITDA a 2019, jihar kuma ta daɗe da kafa cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a Kazaure, don haka bai kamata a ce ofisoshinta ne na baya wajen abin da 'ya'yanta ke koyarwa ba.

Hanya ta biyu ita ce manhajar kanta ta ruɓe, ko da doka ba ta motsa ba. Kamfanin Microsoft ya daina fitar da faci na kyauta ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamar yadda ya daina ga Windows 7 tun Janairun 2020, faci kuwa shi ne gyaran da kamfani ke aikowa domin toshe kafar da masu kutse suka gano. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma abin da ya auku a 2017 ya nuna haka a fili. A watan Mayu na shekarar, cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle na'urorin asibitoci da dama a Birtaniya, alhali facin da zai hana ta ya fito tun watan Maris. A shekarar dai kamfanin Equifax na Amurka ya yi asarar bayanan mutane kimanin miliyan 147, kuma labarinsa ya fi kowane dacewa da wannan batu, domin kamfanin yana da na'urar da ke sa ido a kan bayanan da ke fita, amma takardar shaidar lantarki da na'urar ke buƙata ta ƙare wa'adi watanni da yawa ba wanda ya lura. Masu kutse sun shiga a tsakiyar Mayu, ba a gan su ba sai ƙarshen Yuli, a ranar da aka sabunta takardar. Matakin yana nan a rubuce, an kashe masa kuɗi, amma babu wanda aka ɗora wa duba ranar ƙarewarsa.

Ba sai an je Amurka ba kafin a ga irin wannan. A ƙananan ofisoshi da yawa za a tarar da kalmar sirri ɗaya da kowa ke amfani da ita, a rubuce a guntun takarda an manna a ƙarƙashin madannai, mai hidimar ƙasar da ya tsara komai kuwa ya gama shekararsa ya koma garinsu, asusunsa yana nan a buɗe da cikakken iko. Jan gargaɗi na fitowa kowace safiya cewa wa'adin manhajar kariya ya ƙare, a danna a kawar da shi domin ana sauri. Faifan ajiya yana cikin durowa kusa da kwamfutar, rabon da a kwafa masa wani abu tun kafin babbar Sallah, kuma ba a taɓa gwada dawo da bayanai daga cikinsa ba. Wannan sakaci ne, kuma kukan rashin wuta ko tsadar data ba ya wanke shi, domin rufe asusun ma'aikacin da ya bar aiki ba ya cin ko kwabo.

Maganin da ƙwararru suka dogara da shi rajista ce, wadda ake iya buɗewa ko da a littafi mai bango. A kowane layi ana rubuta matakin, da dokar ko ƙa'idar da ta wajabta shi, da sunan mutum ɗaya da ke da alhakinsa, da ranar da aka gwada shi, da shaidar gwajin, da ranar da wa'adinsa zai ƙare. Sunan mutum ɗaya ake so, saboda abin da aka ce na sashe ne gaba ɗaya yakan zama ba na kowa ba. Gwaji kuwa yana nufin a aikata, wato a ɗauki albashin ma'aikaci ɗaya a lissafa da hannu bisa sabuwar doka a kwatanta da abin da na'ura ta fitar, a gwada shiga da asusun wanda ya tafi a ga ko zai buɗe, a dawo da fayil ɗaya daga ajiya a ga ko ana iya karanta shi. Manyan bankuna suna da manhajojin da ke yin irin wannan bibiya da kansu dare da rana, amma su ma suna buƙatar mai duba su.

Akwai ɗabi'ar jiran mai bincike, inda ake hanzarin cike takardu a mako guda kafin odita ya iso, alhali an san ba a fafe gora ranar tafiya. Binciken shekara-shekara yana nuna halin da ake ciki a rana ɗaya kawai, sauran kwanakin shekara kuwa rajistar ce ke riƙe da su, kuma ya kamata a buɗe ta duk lokacin da doka ta sauya, ko ma'aikaci ya tafi, ko aka sauya na'ura, ko aka ɗauki sabon ɗan kwangila. Wanda ya sayi manhaja daga wani kamfani a Kano ko Abuja ya sa a rubuta a yarjejeniya wane ne zai sabunta ta idan doka ta sauya, cikin kwana nawa, kuma a kan nawa.

Ana kira ga kowane shugaban ofis da mai asibiti da mai makaranta da ke sauraro da ya nemi jerin sunayen duk masu asusu a manhajarsa cikin wannan mako, ya kwatanta da jerin waɗanda ke karɓar albashi a yau, ya sa a rufe na duk wanda ya bar aiki, sannan ya rubuta ranar da aka yi hakan da sunan wanda ya yi.